Shekarar da Baffa Ya Zama Madugun 'Yan Adawa

Tun da na yi wayo nake jin Baffa, mahaifina, da Babarbarensa suna zagin juna. Haka mutanen unguwarmu a Haɗeja suke kiran mutumin, Babarbaren Baffa, mu kuwa yaran gida Baba muke ce masa. Mu Fulani ne da muka daɗe da zama 'yan gari, 'yan shanun da suka rage mana suna can wajen Kaugama a hannun dangi. Shi kuma Baba dillalin bandar kifi ne a kasuwa, kakanninsa daga gabas suka zo. Bafulatani da Babarbare abokan wasa ne, kowa ya san wannan, amma su biyun nan sun mayar da abin sana'a.

Da la'asar in an shimfiɗa tabarmi a gindin bishiyar mainar da ke ƙofar gidanmu, Baba zai taho yana warin hayaƙi, tun daga nesa ya ɗaga murya. "Ina bawan nan nawa? An ba shi abinci kuwa, ko yana nan yunwa na cinsa yana cewa ya ƙoshi?" Baffa ba zai ko ɗaga kai ba zai ce a matsa wa mutumin nan, kada kulen da ya yakushe masa fuska ya biyo shi. Tsagar gadon da ke kumatun Baba yake nufi. Haka za su yi ta yi har a kira magariba. Ban taɓa jin ɗayansu ya yi wa ɗaya gaisuwar mutunci ba, ko ranar salla.

Sai ga shi wata kaka, ana tsakiyar yankan shinkafa, ɓarin jikin Baffa na hagu ya shanye. Allah Ya taƙaita, bayan 'yan makonni a asibiti maganarsa ta dawo, sai ɗan nauyin baki. Ƙafar yana janta, hannun kuwa sai ya ɗauke shi da ɗayan ya ɗora a cinya. Likita ya ce maganin da ya rage biyu ne, ya riƙa tafiya kuma ya riƙa magana.

Ranar da muka fara fito da shi gindin maina, Baba ya zo da tarwaɗa mafi kyau a rumfarsa. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ya ce, "Alhaji, ya ƙarfin jiki? Allah Ya ƙara afuwa." Baffa ya dube shi ya ce, "Amin." Da na mayar da shi ɗaki ya riƙe mini riga ya ce, "Tunda Babarbare ya fara gaishe ni, ai na gama. Jana'iza kawai ta rage."

Dariya na yi a lokacin, amma da gaske yake. Ya riƙa zama a tabarma shiru, kowa na lallaɓa shi. In ya yi tari mutum uku za su miƙo ruwa. Daga baya fitowar ma sai da rigima, tafiyar da likita ya ce kuwa ko zancenta ba ya so. Inna ta rame don damuwa. Na sami Baba a rumfarsa na ce don Allah ya koma zagin mahaifina. Ya goge hannu a riga ya ce, "Ɗana, na gwada. Tun daga gida nake shirya abin da zan faɗa masa, amma in na ga hannun nan a cinyarsa sai bakina ya mutu." Na fito raina a ɓace, ban ma san da wa nake fushi ba.

Ni malamin sakandare ne, darasin tsarin mulki nake koyarwa, kuma ina da halin da ɗalibaina suka daɗe da haƙuri da shi: in aka yi mini tambaya ɗaya sai na amsa goma. A dogon hutun shekarar, wata la'asar ana sauraron rediyo ana tsinewa 'yan siyasa, wani tsohon manomin shinkafa ya ce su da suna yara firaminista ake da shi, ba shugaban ƙasa ba. Mai shayin bakin titi ya tambaye ni bambancin. Na gyara zama. Na ce a wancan tsari jam'iyyu ake zaɓa su cika majalisa, wadda ta sami rinjaye ta fitar da firaminista, in babu mai rinjaye dole a haɗa kai a yi gwamnatin haɗin gambiza, kuma ranar da abokan haɗin suka janye, ranar gwamnati za ta faɗi.

Mai shayi ya ce, "To Malam, da a ce soja ba su taɓa karɓar mulki ba, tsarin nan ya ɗore, mu nan yaya za mu kasance?"

Ban san lokacin da na fara zuba ba. Na ce da yanzu kwarin kogin nan namu yana da majalisarsa, tun daga Miga har Kafin Hausa da Kaugama, da firaministansa mai zama a Haɗeja. Tsohon manomin ya karɓe ya ce ƙwarai, ai shi yana tuna firaminista na farko, wani dogo mai jar dara, wanda gwamnatinsa ta faɗi saboda tsuntsayen jan-baki sun cinye gero. Wani ya ce ba jan-baki ba ne, kacalla ce, ciyawar nan da ke toshe hanyar ruwa. Gardama ta kaure a kan abin da bai taɓa faruwa ba, har da rantse-rantse. Don a sami zaman lafiya na kafa doka: duk abin da mutum ya ce ya tuna, in mutum biyu suka shaida, ya zama tarihi, babu mai sake musawa.

Cikin mako guda mun tara tarihin da ya fi na littafin da nake koyarwa daɗi. An yi firaministan da ya mulki kwarin daga cikin kwalekwale saboda ambaliya ta cinye ofishinsa. An yi Ministan Kacalla da ya shiga duba aiki ya ɓace, sai bayan kwanaki aka gan shi a Kafin Hausa yana cin kasuwa. Wata rana ana ba da labarin maguɗin zaɓen da aka yi a Miga, sai muka ji murya daga kan tabarmar gefe.

"Ƙarya ne. A Kaugama aka yi. Ina wurin."

Baffa ne. Maimakon mutum biyu, gaba ɗaya wurin aka ɗauka, "Haka ne, Alhaji! A Kaugama ne!" Har wanda ya kawo labarin Migan ya ce shi ne ya manta. Na ga hasken da ya taso a idon Baffa ya koma. Ya gane ko cewa ya yi a Makka aka yi maguɗin, shaida za su yi masa.

A nan dabara ta zo mini. Na ce ai wa'adin majalisa ya cika, zaɓe ya zo. Manoma suka kafa Jam'iyyar Shinkafa, tsohon nan ne shugabansu. Masunta da 'yan kasuwar kifi suka kafa Jam'iyyar Koma, da sunan ragar kamun kifi, suka ba Baba shugabanci. Masu shanu suka kafa Jam'iyyar Ƙwarya, kuma na tabbatar Baffa suka naɗa, ko da yake cewa ya yi a ƙyale shi. Mai shayi ya kafa tasa shi kaɗai, ya ce ta talakawa ce. Ni ne baturen zaɓe, ni ne kuma kakakin majalisa, tunda babu wanda ya san dokokin sai ni, wasu ma a tsaye nake ƙirƙiro su.

An yi yaƙin neman zaɓe na ban mamaki. 'Yan Shinkafa suka yi alkawarin ɗaure duk saniyar da ta kalli gona. 'Yan Koma suka ce za su buɗe duk wata hanyar ruwa da manoma suka datse. Mai shayi bai yi alkawarin komai ba, madara kawai ya riƙa ƙarawa. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka jera kwanuka a zaure, kowa ya shiga shi kaɗai ya jefa ƙwallon dabino a na jam'iyyarsa. Har masu wucewa suka tsaya suka yi layi. Matan unguwa suka ce ba za a yi babu su ba, aka shigar musu da kwanukan cikin gida. Inna ba ta ɓoye ba, Koma ta zaɓa. Ta ce kifi dai tana ganinsa a tukunyarta, nonon shanun Kaugama kuwa sai dai labari.

Da aka ƙirga, Koma ce ta zo ta ɗaya, Shinkafa na bi mata, Ƙwarya ta uku, mai shayi ya tsira da kujera ɗaya tal. Babu mai rinjaye. Abin da nake so ke nan. Shinkafa ba za ta zauna da Ƙwarya ba saboda rigimar burtali, ba kuma za ta zauna da Koma ba saboda rigimar ruwa. Hanya ɗaya ta rage, Babarbare da Bafulatani su zauna su yi cinikin kujerun minista. Na san mutanen nan biyu ba za su iya cinikin ko allura ba tare da an taɓo kakanni ba. Har na fara yaba wa kaina.

Washegari majalisa ta zauna, na ba Baba dama ya nemi abokin haɗi. Ya miƙe ya gyara hula ya ce Jam'iyyar Koma ta yi shawara, ta bar wa Alhaji kujerar firaminista, da duk ministocin da yake so, ba ta neman komai sai fatan Allah Ya ba shi lafiya. Wurin ya ɗauki "Masha Allahu." Wani har da share ƙwalla. Ni kuwa ji na yi kamar in jefe shi da kwanon zaɓe. Wata guda ina gina abu, mutumin nan ya rushe shi da kirki.

Baffa ya juyo gare ni. "Kakaki, a tsarin nan naka, wanda ya zo na uku yana zama firaminista?"

Na ce yana yiwuwa, in an yi yarjejeniya.

"Sadaka fa? Akwai ta a ciki?"

Na ce babu.

"To a mayar masa da abarsa. Ni adawa zan yi."

Haka Baba ya wayi gari firaminista ba da son ransa ba. Dole ya lallashi 'yan Shinkafa da kujerar Ministan Ruwa, ya ba mai shayi Ministan Kuɗi, aka kafa gwamnatin da ministocinta ba sa ga maciji da juna. Baffa kuma ya zama madugun 'yan adawa, kuma wallahi ban san mahaifina yana da wannan baiwar ba.

Da sassafe zai sa in ɗauke shi a babur in kai shi bakin kogi, wai zai ga ɓarnar gwamnati da idonsa. In mun isa sai ya sauka ya dogara sanda, ya ja ƙafa har inda kacalla ta rufe ruwa, ya tsaya yana girgiza kai kamar jiya aka shuka ta. Ya tsayar da masunta ya tambaye su abin da suka kamo. Ya leƙa gonakin tattasai ya ji kukan masu noman rani. Mutumin da ko zaure ba ya son takawa, sai ga shi ina roƙonsa mu koma gida rana ta yi. Da la'asar kuma ya sauke wa gwamnati duk abin da ya tara. Ya ce a zamanin Babarbare kifi ya ƙare a kogi har kwaɗi sun fara neman sarauta. Ya ce Ministan Kuɗi ya zuba baitulmali a tukunyar shayi. Yanzu da yake yana taɓa mutane, shaidar ma ta daina zuwa masa kyauta, sai ya nemo ta da lallashi da alkawari.

Abu ɗaya ne bai canza ba. Duk abin da Baffa ya faɗa, firaminista zai miƙe ya ce, "Na gode wa madugun adawa, Allah Ya ƙara masa lafiya." Abin ya ishe ni har na yanke hukuncin cewa daga yau an hana yi wa ɗan adawa addu'a a zauren majalisa. Na'ibin limamin unguwa, wanda ɗan Shinkafa ne, ya ce kakaki ba shi da hurumin hana addu'a. Na janye. Kullum in mun shiga gida sai in ga gajiyar da ke fuskar Baffa ba ta tafiya ba ce. Ya samu ƙafa, ya samu baki, amma abokinsa har yanzu kallon majinyaci yake yi masa, kuma wannan ne ke cinsa.

Sai ya shiga shirin kayar da gwamnati. Ya aika aka kira masa tsohon manomin, suka ƙule a zaure. Bafulatanin da a zahiri ba zai bar taku ɗaya na burtali ba, a wannan duniyar tamu ya sallama wa manoma burtalin Kaugama gaba ɗaya, da sharaɗin su janye daga gwamnati. Mai shayi bai ba da wahala ba, da ma ya ce shi duk inda rinjaye yake nan talakawa suke. Aka sa ranar ƙuri'ar rashin amincewa.

Ranar gindin maina ya cika har bakin titi, 'yan kasuwar kifi sun rufe rumfuna sun zo kare gwamnatinsu. Na ba madugun adawa dama. Na matsa zan ɗaga shi, ya harare ni, ya dafa sanda ya miƙe da kansa. Ya fara da kacalla, ya bi ta kan jan-baki, kowa na dariya, Baba na gyaɗa kai cikin ladabi. Sai ya rage murya.

"Akwai abin da na tuna, na daɗe ina rufa wa mutumin nan asiri. Jama'a, bandar da firaminista yake sayar muku, ba kifin kogi ba ne. Tarwaɗar kiwo ce, ta cikin kwatami, mai cin abincin kanti. Ita yake bandawa ya ce muku daga kogin Haɗeja ta fito."

Wanda ba ɗan garinmu ba ba zai gane nauyin maganar nan ba. A kasuwarmu ka ce wa dillali ɓarawo zai iya yafe maka, amma ka ce kifinsa na kiwo ne, ka taɓa shi ka taɓa ubansa. Baba shekara da shekaru yana alfahari da cewa daga warin hayaƙi yake gane ruwan da kifi ya fito. Na ga wuyansa ya kumbura. Baffa ya waiwaya ya ce, "Akwai shaida?" Tsohon manomi ya ɗaga hannu. Mai shayi, Ministan Kuɗi guda, ya ɗaga nasa. Na ce bisa doka, ya zama tarihi.

Baba ya yi wuf ya miƙe, hularsa ta faɗi bai kula ba.

"Kai! Kai ɗan Fulanin daji, me ka sani a kifi ban da ƙaya? Kai ne za ka kayar da gwamnatina? Mutumin da rabin jikinsa ya fice daga jam'iyyarsa! Je ka shawo kan hannunka da ƙafarka su dawo tukuna, sannan ka zo ka yi mini maganar haɗin gwiwa!"

Tun da ciwon ya sami Baffa babu wanda ya taɓa ambaton hannun nan a gabansa, ko mu 'ya'yansa. Baba ya dafe baki da hannu biyu, idonsa ya firfito. Ni kaina na ce a raina shi ke nan, na kashe mahaifina da wasan banza.

Sai kafaɗar Baffa ta fara rawa. Dariya ce, ta fito ta gefen bakin da ke aiki, ta ƙi tsayawa, har sandar na neman kuɓuce masa, hawaye na bin gemunsa. Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin asibiti. Da ƙyar ya samu numfashi ya ce, "Kakaki, a shaida wa firaminista, rabin Bafulatani ya fi Babarbare sukutum da guda."

"Rabin Bafulatani ko kuɗin cefane ba zai yi ba a kasuwa," in ji Baba. Shi ma fuskarsa ta jiƙe, amma bai fasa ba. "Da cikakkenka ma nawa aka taya?"

Aka kaɗa ƙuri'a cikin hayaniya, gwamnatin Koma ta faɗi warwas. Babu wanda ya tsaya tambayar wa zai kafa sabuwa, don ladan ya riga ya kira magariba. Jama'a suka miƙe ana naɗe tabarmi. Baba ya ɗauki hularsa ya kaɗe, ya zura takalmi, ya dubi Baffa sama da ƙasa ya ce shi ya yi gaba, sahun farko ba ya jiran makiyaya. Ya juya ya kama hanyar masallaci da saurinsa, ko waiwaye babu.

Baffa ya bi bayansa yana jan ƙafa yana ƙwala masa kira, wai ya tsaya in ya isa, tsohon firaministan kifin kwatami. Na miƙa hannu zan riƙe shi a wajen kwatar da ke bakin hanya, ya make mini hannu da sanda, da zafi kuwa. Na tsaya a wurin riƙe da tabarma ina kallonsu, ɗaya a gaba, ɗaya a baya yana ta masifa. Sai da suka kusa shan kwana na lura Baba ya tsaya yana gyaran takalmin da babu abin da ya same shi, ya ba Baffa baya don kada ya gani. Ranar a sahun ƙarshe na yi salla, don sai da na koma zaure na wanke fuskata.